Idon Zuhura

Katangar da ta raba gidana da gidan Ɗalha a Bauranya ko kafaɗata ba ta kai ba, don haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji shi ba. Ina tsaye gaban kaskon ƙulina na ga komai, tun daga ranar da ƙaiƙayi ya faɗa wa yarinyar nan a ido. Sunana Zuliha. Na san mutanen garinmu za su ce tsohuwar nan bakinta ba ya rufuwa. Su yi ta faɗa. Su da nasu ya rufu, me suka tsinana wa yarinyar?

Zuhura ce 'yar fari a wurin Ɗalha da matarsa Kulu, lokacin ba ta wuce shekara tara ba. Siririya ce, ga surutu, ga murya. In tana wanke-wanke ta ɗauko waƙa, sai ka ji daka ya tsaya a maƙwabta, mata sun kasa kunne. Ubanta makaɗin gangar noma ne, amma tun da maganin feshi ya shigo aka daina kiran gayya, gangar ta koma rataye a ɗaki. Da ya lura da abin da Allah ya sa a maƙogwaron 'yarsa, sai ya sauko da gangar ya fara jan yarinyar kasuwanni, yau Kankia, gobe Kafinsoli, yana kiɗa tana waƙa. Makaranta ta zama sai ranar da ba kasuwa. Abin da suke samowa kuma bai taka kara ya karya ba, don yanzu kowa da waƙarsa a cikin waya.

Da kaka, ana shiƙar gero a bayan gari, iska ta juyo ta watsa mata ƙaiƙayi a fuska. Ta dawo gida tana murza idon hagu. Kulu ta buɗe idon ta hura, ta ce ya fita. Bai fita ba. Washegari ido ya yi jawur, ya kumbura, ruwa na bin kumatu, hasken rana ko kaɗan ba ta iya jurewa. Ranar kasuwar Kankia ce. Na ɗauka za a bar ta ta kwanta, sai na ga Ɗalha ya rataya ganga ya kamo hannunta. Ta ja ɗankwali ta rufe fuska, ta bi shi da lalube.

Da la'asar suka dawo, Ɗalha na ɗauke da shinkafa da nama da sabulu, yana murmushi shi kaɗai kamar wanda ya yi tsintuwa. Zuhura ce ta ba ni labari ta kan katanga. Ta ce saboda rana ta runtse idanu duka biyu tana waƙa, ruwa na zuba, sai wata mata ta ce, "Allah sarki, ashe makauniya ce." Nan da nan magana ta zaga kasuwa. Mutanen da a da suke wucewa ko waiwaye ba sa yi, ranar suka kewaye su, kowa na zura hannu a aljihu.

"Babanki bai ce masu kina gani ba?" na tambaye ta.

"Bai ce komi ba, Gwaggo. Ƙarfin kiɗan ya ƙara."

Kafin kasuwa ta gaba ya sayo baƙin gilashi irin na yara, ya yanko sanda ya fere ta daidai tsawonta. Ina ganin haka na tare shi a ƙofar gida.

"Ɗalha, idon yarinyar nan ba na wasa ba ne. Ka kai ta asibiti."

"Haba Gwaggo Zuliha, ƙaiƙayi ne hwa. Wa ƙaiƙayi bai taɓa shiga ma ido ba a garin ga? Ke kanki sau nawa?"

"To sandar ta mece ce?"

"Rana ke damunta, shi ya sa na sai mata gilashi. Sanda kau don kar ta hwaɗi. Ni ban ce ma kowa makauniya ce ba, su suka hwaɗi abinsu."

Ba a daɗe ba ya daina ma wannan ɓoye-ɓoyen. Da hantsi sai ya tsayar da yarinyar a tsakar gida yana koya mata makanta, yadda ake koya wa yaro karatu. Ga yadda za ta buga sanda hagu da dama, ga yadda za ta ɗaga haɓa sama. In kuɗi ya faɗi ƙasa kada ta bi shi da kai. In wani ya tambaye ta, amsa ɗaya ce: ba na gani. Sannan ya kai mata hannu fuska kamar zai mare ta, in ta ƙifta ko ta kauce ya ƙwanƙwashe ta a ka. Yarinya mai kaifin ƙwaƙwalwa, ba ta ɗau lokaci ba ta iya. Za ka kai mata yatsa har gashin ido ba za ta motsa ba. Ɗalha ya riƙa kiran abokansa su gwada, ana dariya ana tafawa. Duk Bauranya an san tana gani da idon dama, don in sun dawo kasuwa ita ke ɗebo ruwa, ita ke tsince shinkafa, ita ke rainon ƙaninta. Ba wanda ya ce uffan. Neman abinci ne, in ji su.

Wata rana na je Kankia sayen gyaɗa na iske su a bakin rumfar masu hatsi. Jama'a ta yi cincirindo. Tana tsaye da sanda da gilashi, fuska sama, tana waƙar wata yarinya da ta fita neman uwarta gari ya yi mata duhu. Wallahi ni da na san komai sai da tsigar jikina ta tashi. Amma ina hango ruwan da ke gangarowa ta ƙarƙashin gilashin, na kuma san ba hawaye ba ne. Zuciya ta ɗebe ni, na ɗaga murya na ce, "Jama'a, yarinyar nan tana gani! Ciwon ido gare ta, magani take bukata, ba sadaka ba!" Wani mahauci ya matso ya cire mata gilashi, ya kai mata yatsa. Ba ta ƙifta ba. Ya ce, "Yarinya, kina gani?" Ta ce, "Ba na gani." Sai kasuwa ta juyo kaina. Wannan ya ce tsohuwar banza, waccan ta ce hassada ce, ko makauniya ba a bari ba. Na ɗauki gyaɗata na fice ana yi min ihu, Ɗalha kuwa ko ɗagowa bai yi ba, kiɗansa yake.

Ana haka sai ga Harisu. Wani saurayi ne ɗan Maraɗi mai tura wa mutane waƙoƙi a waya a cikin kasuwar. Ya ɗauki bidiyon Zuhura ya sa a intanet, abin ya bazu, har ni da ba ni da babbar waya na gani a hannun masu sayen ƙuli. Ya biyo su gida a kan babur. Aka shimfiɗa masa tabarma a gindin dalbejiyar ƙofar gida, inda nake ajiye farantina, don haka ba abin da ya wuce ni.

"Malam Ɗalha, ba ka san abin da ke gidanka ba," in ji shi. "A Faransa an yi wata mawaƙiya, duniya duk ta san ta. Ka san inda ta tashi? Bisa titi. Uwa ta yi gaba ta bar ta, uba ɗan wasan kasuwa kamar kai, shina wasa tana waƙa, mutane na jeho masu 'yan kwabbai. Tana ƙarama idonta ya ruhe ruf, ba ta ganin komi. Daga baya ya buɗe da kanshi. Wallahi haka munka ji. Da ta girma, manyan ƙasa sai sun yi layi kahin su ji ta."

"Ya buɗe da kanshi?" in ji Ɗalha.

"Da kanshi. Kuma Turawa ba abin da suke so kamar mawaƙin da ya tashi cikin wahala. Ina da mutum a Yamai mai tura masu irin wagga. Sun ga ɗiyarka, har kuka sunka yi. Amma kar a taɓa komi. Yadda take ɗin ga suke son ta."

Ban san ko an yi wannan mata ba, ban kuma san ko Harisu na da kowa a Yamai ba. Abin da na sani shi ne daga ranar Ɗalha ya samu abin faɗa. Mutumin da ko Kano bai taɓa kwana ba, ya koma ba ya buɗe baki sai da Faransa. A masallaci Faransa, a wurin mai shayi Faransa. Duk wanda ya yi kuskure ya ambaci idon yarinyar, amsar a shirye take: ita ma ta Faransa haka ta yi.

Idon hagun kuwa jan ya ragu, sai wani farin ɗigo kamar ƙwayar gero ya fito a tsakiyar baƙin. Ya yi ta faɗi har ya rufe shi. Hakiya ce, duk wanda ya girma a ƙauye ya san ta. Zuhura ta ce yanzu ba ya zafi sosai, kuma ba ya gani. Na zagaya na samu Kulu tana tankaɗe.

"Kulu, ido guda ya tahi. Ke uwa ce, ki tashi tsaye kan ɗayan."

Ta sunkuyar da kai. A wurinmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta nuna damuwa da shi a gaban mutane. Kunya ce muka gada, ni ma na yi ta a nawa. Amma namu iyayen in ɗan fari ya kwanta, ta bayan fage suke bi su tayar da kowa. Ita Kulu ta samu wurin fakewa ne.

"Gwaggo, ɗiyar fari ce. In na kama kururuwa kan idon wagga yarinya, mi dangin ubanta za su ce? A ce Kulu ba ta da kunya. Kuma mai gidan ya ce a dakata tukuna."

"Kunyar ce za ta ja mata sanda gobe?"

"Ai ba zamne nake ba. Ina sa mata magani."

Ta shiga ɗaki ta ɗauko min ƙullin wani gari baƙi-baƙi da Ɗalha ya sayo wurin mai tallar magani a Kunduru. Ta ce da tsinken kwalli take dangwala ta sa mata safe da yamma. Na ce a wane idon? Ta ce duka biyu, don kada ciwon ya tsallaka. Tsinke ɗaya, ta goga a mai ciwo, ta goga a mai lafiya. Na fizge ƙullin na jefa a murhu. Ɗalha ya dawo ya ji, ya sayo wani, ya kuma ce wa matarsa kada ta sake bari in taka masa gida, ni da na nemi tona masa asiri a kasuwa.

Da bazara aka yi shela cewa likitocin ido za su zo Kankia su duba mutane kyauta. Na haɗiye fushina na same shi, na ce ni zan kai ta, kuɗin mota ma ni zan biya, ba sai ya bar abin da yake yi ba.

"Kankia?" Ya kalle ni kamar na zage shi. "Kankia inda kowa ya san ta makauniya? Likita ya haska ya ce ɗayan na gani, gaban mutane? So kike a jehe ni cikin kasuwa?"

"To a kai ta Katsina."

"Za a kai. Harisu zai ƙara ɗaukar hoto guda, wanda za a tura ma manyan Faransa. Da an gama, ni da kaina zan kai ta inda ba a san mu ba."

Ranar da likitocin suka zo, tun da sassafe ya ja ta Kafinsoli don kada in sace ta. Na je wurin yayansa Nagoggo na ce ya tsawata wa ƙaninsa. Na same shi zaune yana cin shinkafar da aka aiko masa daga gidan Ɗalha. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Ɗiyarshi ce, Zuliha. Wa zai hi uba son ɗiyarshi?" Ya mai da hannu cikin kwano.

Hoto guda kuwa bai ƙare ba. Harisu ya yi ta zuwa yana ɗauka, yau a gindin rumbu, gobe a gaban kangon da ruwa ya rusa, yana cewa a sa mata tsohuwar riga don sabuwar ba ta fitowa da kyau. Kullum manyan ba su gama gani ba.

In ubanta ba ya nan, Zuhura kan hau turmi ta leƙo ta katanga in ba ta ƙuli. Wata rana ta ce, "Gwaggo, wutarki ta cika hayaƙi kwana biyu." Ranar ko wuta ban hura ba. Na ce ta matso, na duba idon dama. Ya yi ja, yana ruwa, can a gefen baƙin kuma na ga ɗan fari-fari.

"Kin gaya ma innarki?"

"Na gaya mata. Ta ce nan ba kasuwa ba ce."

"Babanki hwa?"

"Dariya ya yi. Ya ce na ƙware, har shi nake so in gwada ma." Ta juya ƙulin a hannu. "Gwaggo, Faransa ta hi Katsina nisa?"

"Ta hi, 'yar nan."

"Baba ya ce ita waccan da idonta ya buɗe har gidan sama ta gina. Ni dai ko ban gina komi ba, hayaƙin ga ya tahi."

Wannan shi ne abin da ya fi ƙona min rai a duk labarin. Sun koya mata magana ɗaya, sun buge ta har ta iya faɗinta ba tare da ta ƙifta ba, ranar da maganar ta zama gaskiya kuma ba mai kunnen jin ta a gidan. Ta tsince shinkafa ta bar tsakuwa, Kulu ta ce ƙiwa ce. Aka ce ta ɗauko jan zane ta kawo shuɗi, ta sha dundu. Ta yi karo da ƙyaure har goshi ya kumbura, Ɗalha ya ce ta ajiye wasan nan sai in akwai mutane. Ta daina waƙa a wurin wanke-wanke, ta daina fita wasan gaɗa, in ba aike ba tana rakuɓe a bakin ƙofa. Na yi ta ihu ta kan katanga ina cewa yarinyar nan da gaske take. Kulu ta ce, "Gwaggo, ke ba ki san ta ba ne. Ta iya abin ga har ni tana ruɗa ni."

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne. Kulu ta ɗora tukunyar tuwo ta yi talge yana tafasa, ita kuma tana can gefe tana ba ƙaramin nono. Ta ce, "Ke, tashi ki janye mani garin can daga bakin murhu, kaji na ci." Zuhura ta ce, "Inna, ban ganin wurin." Kulu ta ce, "Wallahi in na taso sai kin gani. Tashi!" Ta tashi, ta miƙa hannuwa gaba, idanu a buɗe, ta nufi inda take jin ɗumin wuta. Na ƙwala mata kira. Kafin in rufe baki ta yi karo da tukunya, talgen ya kife mata a ƙafa.

Ban san lokacin da na zagaya na faɗa gidan ba, duk da hanin da Ɗalha ya yi min. Kulu na kwarara mata ruwan randa tana faɗa, "Kin ga abin da wasanki ya ja miki!" Yarinya na ihu tana cewa, "Ban gani ba, wallahi ban gani ba!" Ɗalha ya fito daga ɗaki ya tsuguna a gabanta, ya kai mata hannu fuska. Ba ta ƙifta ba. Ya sake kai wa, ba ta ƙifta ba. Ya ɗago yana raba ido ya ce, "To ai ko da can ba ta ƙiftawa." Gwajin da ya sani ke nan, shi kuma ya lalata shi da hannunsa.

Ina tsaye dab da ita, amma tun da na shigo ban yi magana ba. Sai ta juya fuska wajen katanga, inda ta saba jin muryata, ta ɗaga murya iya ƙarfinta.

"Gwaggo Zuliha! Ki zo ki gaya masu da gaske nake!"

Kulu ta kalle ni, ta kalli katangar da 'yarta ke kira. Kwanon ruwa ya suɓuce daga hannunta. "Zuhura," ta ce. "Zuhura!" Ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba sai ranar. Ta rungume ta tana kururuwa har maƙwabta suka cika gidan.

Ni da Kulu muka kai ta Kankia. Ɗalha ya rako mu bakin titi ya tsaya, ya ce in ya je za a gane shi. Aka wanke ƙunar aka ɗaure, aka tura mu Katsina wurin likitar ido. Matar ta daɗe tana haskawa. Ta tambayi abin da aka zuba a idon, Kulu ta faɗa. Ta tambayi lokacin da ƙaiƙayin ya shiga, na faɗa. Ta ajiye fitilar ta kalle mu. Ta ce da tun farko aka zo, maganin ɗigawa ne na 'yan kwanaki. Da lokacin da idon dama ya fara ja aka zo, da an cece shi. Yanzu ciwon ya ci duka biyu har ciki. Za ta ba da abin da zai kwantar da zafi, amma maganar gani ba za ta yi mana ƙarya ba.

Zuhura na zaune a kan kujera ƙafafunta na reto, tana jin komai. Ta ce, "Likita, ba ya buɗewa da kanshi?"

"Wa ya gaya miki haka?" in ji likitar.

Na kama hannun Zuhura muka fito.

Muka dawo gida aka shiga zuwa jaje. Mutanen da suka yi ta kai mata yatsa ido suna dariya su ne a gaba, kowa na girgiza kai yana cewa ƙaddara. Nagoggo ya ce Allah ya riga ya rubuta. Ɗalha ya yi kuka, wannan ba zan ci haƙƙinsa ba, na ga hawayen. Harisu ma ya zo, ya yi addu'a, ya leƙa fuskar yarinyar, sai ya ce yanzu ba sai an sa gilashi ba, idon ya fi taɓa zuciya a haka. Ya ciro waya. Na ɗauko matsamin ƙulina da mansa mai zafi na bi shi har kan babur. Bai sake zuwa ba, manyan Faransa ma daga ranar ba a sake jin ɗuriyarsu ba.

Ni ba ni da faɗa da mawaƙiyar can ta Faransa, in ma an yi ta. Allah ya jiƙan wahalar da ta sha. Amma na lura mutane na son labarin yaron da ya tashi a titi ya zama wani, suna ba da shi da zaƙin baki, yunwar da ciwon duk su zama ado. Ba mai tambayar sauran yaran da suka tsaya a titi ɗaya da ita ba su zama kowa ba, waɗanda nasu idon ya rufe bai buɗe ba. Su ba a ɗaukar su hoto. Maganar ƙaddara kuma, na yarda ƙaiƙayi ƙaddara ne, iska ce ta kawo shi. Sandar fa, iska ce ta fere ta? Iska ce ta hana a je asibitin da ke nan kusa da mu? Wannan da hannu aka yi shi, da rana tsaka, uba ya yi, uwa ta sunkuyar da kai, dangi suka ci shinkafa, gari ya yi dariya. Duk wanda ya zo jajen nan ya san haka, shi ya sa ba wanda ya iya haɗa ido da ni.

Ƙunar ƙafar ko gama warkewa ba ta yi ba ranar kasuwar Kankia ta zagayo. Ina jera ƙuli a faranti na ga Ɗalha ya fito rataye da ganga, Zuhura na riƙe da gefen rigarsa tana ɗingishi. Kulu ta biyo su har zaure tana roƙon a bar ta ta warke. Ya ce in an bar ta me za a ci a gidan? Ta koma ciki tana kuka. Na tashi na tsaya a gabansa.

"Ɗalha, ba ka tsoron Allah? Ina za ka kai ta?"

"Inda muka saba." Ya gyara igiyar gangar a kafaɗa. "Gwaggo, da ke ce kike cewa ƙarya nake ci da ita. To yanzu wa na yi ma ƙarya? Duk wanda ya ba ta, makauniya ya ba. Halal ɗinmu ne."

Ya kewaye ni suka wuce. Yana sauri kada motar kasuwa ta cika ta bar su, tana bin sa da gudu-gudu da ƙafar nan mai ɗauri. A bakin kwalbati ta yi tuntuɓe da dutse ta durƙusa, rigarsa ta suɓuce mata, tana laluben iska. Ya juyo a fusace.

"Ke, ki riƙa duban gabanki mana!"